Bindigar Ɗan Masassaƙi

Shekara guda bayan sojoji sun karɓi mulki ina koyarwa a wani ƙauye tsakanin Dungas da Mallawa, dab da iyaka, inda jakinka zai ɓace da hantsi ka je Najeriya nemansa da azahar. Ni ne malami, ni ne shugaban lakwal ɗin, wato makarantar bokon, ni ne kuma mai buga ƙararrawa, wadda ba ƙararrawa ba ce, wani tsohon ƙarfen mota ne da aka rataye a reshen itace. Shekaruna ashirin da biyu, wandona biyu, takalmina ɗaya, amma duk ƙauyen Mushe suke ce mini, lakabin girmamawa na Faransanci da ake ba malamin boko, har tsofaffin da suka yi jika da ni. Ba zan ɓoye ba, sunan ya yi mini daɗi, ya kuma kumbura mini kai fiye da yadda ya kamata.

Da bazara ta kama sai ga takarda daga Magariya, da hatimi har biyu. Za a yi bikin gwamnati, kowace lakwal ta kawo yara su yi rawar soja a gaban sufurefe, wato babban mai mulkin yankinmu, kuma kowane yaro ya riƙe bindigar itace. A lokacin ba mu gama miƙewa daga fari ba. Rabin ajina da ruwan koko suke karyawa, wasu ko shi ba su samu, littafin karatu ɗaya yara biyar ke leƙawa. Amma wani mai basira ya zauna a biro, wato ofis, ya yi dogon nazari a kan abin da yaran nan suka rasa a duniya, ya gano bindiga ce.

Wannan ba'ar yanzu nake yin ta. A lokacin rawar jiki na yi. Na ajiye lissafi da karatu gefe, kullum da safe in fitar da su fili ina koya musu taku. Abin da na fi ba ƙarfi shi ne gaisuwar bindiga, yadda aka koya mana a makarantar horon malamai. Motsi uku ne. Na farko ka sauke bindiga daga kafaɗa. Na biyu ka ɗaga ta a gabanka da hannu biyu. Na uku ka buga ƙafa a ƙasa ka ƙame, ko ƙuda ya sauka a hancinka ba ka motsi. Ina ƙirga musu da Faransanci, ina zagaya su da tsumagiya, ina maimaita musu magana ɗaya har ta zauna: "Duk inda kuka ga mai kaki, haka za ku gaishe shi. Wannan shi ne ladabi." Ban ce ranar biki kaɗai ba. Duk inda kuka ga mai kaki na ce.

A cikinsu akwai ɗan masassaƙin ƙauyen. Shekarunsa ba su wuce goma sha ɗaya ba, ɗan siriri, mai manyan kunnuwa da wushirya. Faransanci bai shiga kansa ba, wata shida muna fama da shi a kan ƙirga zuwa ashirin. Amma ban taɓa ganin yaro mai riƙe maganar babba kamarsa ba. In na ce ya share aji na manta da shi, sai in dawo in tarar ya share aji, ya share fili, ya kama hanyar masallaci da tsintsiya. Sauran yara suna tsokanarsa da haka, ni ma wani lokaci ina taya su. A rawar soja kuwa ya fi kowa, don ita ba ta buƙatar komai sai a ce yi ka yi.

Sauran yaran da karan dawa suka haɗa bindigoginsu, suka ɗaɗɗaure da kaba, abin ba kyan gani. Na duba na ga in na je Magariya da wannan tarkacen, malaman cikin gari za su mai da ni abin dariya. Sai na tafi wurin masassaƙin. Dattijo ne mai ƙarancin magana, turmi da ƙota da akushi yake yi a gindin wata tsamiya a bakin gari, kuma tun farko ba da son ransa ɗan ya shiga lakwal ba, mai gari ne ya bi gida-gida yana ɗiba.

Na ce, "Baba, so nake ka yi wa yaron nan bindiga wadda in an gani za a ce ta gaske ce."

Ya ajiye gizago ya ce, "Mushe, ni ban taɓa riƙe bindiga ba. Ina zan san yadda take?"

Na tsuguna na zana masa a ƙasa da yatsa, tun daga bakinta har gindi, har wurin kunama. Ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce kara ma ai ya isa wasan yara. Na ce wannan ba wasa ba ne, aikin gwamnati ne. Da jin sunan gwamnati sai ya ɗauki gizagonsa. Kwana biyar ya yi a kanta, da icen ƙirya, ya goge ta ta yi santsi, ya shafe ta da baƙin tukunya da man gyaɗa, baduku ya sa mata maratayi na fata. Ranar da yaron ya shigo aji da ita ni kaina sai da gabana ya faɗi, sa'annan na yi murna.

Ranar biki aka kwashe mu a bayan babbar mota zuwa Magariya. Yara suka tsaya cikin rana tun hantsi har kusan azahar, biyu suka yanke jiki suka faɗi, kafin manya su gama shan ruwan sanyi su fito rumfa. Da layinmu ya zo gaban sufurefe na ƙirga, yara suka yi motsi uku, ƙafa ta bugu lokaci ɗaya. Sufurefe, wani mai baƙin tabarau da ba ya cirewa ko a inuwa, ya nuna ɗan masassaƙi ya ce a kawo masa bindigar nan. Ya juya ta, ya auna sama da ita, ya yi dariya, ya miƙa wa ajidan, shugaban jandarmomi, ƴan sandan soja na Magariya, wanda ke zaune kusa da shi. Ajidan ya jinjina ta ya ce shi ma da a hanya ya gan ta da ta ruɗe shi. Rumfa ta ɗauki tafi. Aka ba yaron littafin rubutu da sabulu guda, ni kuma sufurefe ya ba ni hannu, hannun da na yi kwana uku ina ba da labarinsa.

Daga ranar bindigar ba ta ƙara barin kafaɗar yaron ba. Da ita yake zuwa lakwal, da ita yake kiwon awaki, uwarsa ta ce da ita yake kwana. Ba wanda ya hana shi. Wa zai hana yaro abin da gwamnati ta tafa masa a kai?

Bayan kamar mako uku, ranar Alhamis da ba a lakwal, aka aiki yaron ɗebo ruwa da jaki da tuluna. Rijiyar ƙauyen ta ƙafe a bazarar, sai wata mai nisa ta kudu, a bakin turbar da masu fasa-ƙwauri ke bi da jakuna, su kai wake Najeriya su dawo da fetur da atamfa. Ranar jandarmomi uku sun ɓoye motarsu a bayan sabara suna dakon su. Ni ina gida ina wankin wandona na biyu. Ban ji ƙarar harbin ba. Abin da na ji shi ne kukan mata daga bakin gari. Na fita da kumfa a hannu na ga wani Bafillace makiyayi yana jan jakin, yaron a kwance a kai, an lulluɓe shi da mayafin makiyayin. Tulunan suna nan cikin mangala, ba a ko cika su ba. Jandarmomin sun ɗauki bindigar sun tafi da ita, shi kuwa suka bar shi a wurin. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Na yi kuka, ba na musu. Amma in faɗi gaskiya, a cikin kukan akwai tsoro, kuma tsoron ya fi yawa. Ina tsaye a maƙabarta ana addu'a, ni ina tunanin takardar nan mai hatimi biyu, ko tana cikin akwatina ko na kunna fitila da ita. Kafin rana ta faɗi iyaye mata sun tattara bindigogin kara na sauran yaran sun hura wutar tuwo da su.

Kwana biyu sai labari ya iso daga kasuwar Dungas. Wai jandarmomi sun rubuta cewa sun yi arangama da mai leƙa wa masu fasa-ƙwauri hanya, ya auna su da makami, suka kare kansu. Fasa-ƙwauri ba abin kunya ba ne a ƙauyenmu, rabin gari da shi suke cin tuwo. Amma gidan da aka rubuta ya ɗaga wa hukuma makami, a wannan zamanin, kowa janye jiki yake yi daga gare shi. Ran sadakar uku, bayan mutane sun watse, masassaƙin ya ja ni gefe.

"Mushe, mutuwa na karɓa. Wanda ya ba ni shi ya karɓi abinsa. Amma an ce an rubuta ɗana ɗan ta'adda ne, wai ya so harbin masu kaki. Abin da aka rubuta a biro yana nan ko bayan mun mutu, kuma yaron nan yana da ƙanne. Ba na so su tashi a riƙa nuna su da baki. An kira mu Magariya ran Litinin. Ni ban iya bakinsu ba. Kai ka iya, kai ka san shi. Ka faɗa musu ko wane ne."

Na ce, "Baba, kada ka damu, wannan a wuyana yake." Da ƙarfi na faɗa, har da dafa ƙirji. A motar da ta kai mu ma ina ta shirya jawabi a zuci, mai kyau, da manyan kalmomi.

Zaman bincike suka kira shi. Na sha ganin wasan kwaikwayo daga baya, a dandali da a talabijin, ban ga wanda aka tsara da rashin kunya irin wannan ba. A biron ajidan aka yi shi. Shi ne mai tambaya, shi ne mai yanke hukunci, shi ne kuma ubangidan wanda ya yi harbin. Sufurefe ya zo ya zauna a gefe da tabaransa, wai shaida ne na adalci. Akwai sakatare da keken rubutu, kuma da na wuce ta bayansa na ga takardar da ke cikin keken ta riga ta cika har kusan ƙasa, alhali ba a tambayi kowa komai ba. Ni aka ba ni kujera, don ni ma'aikaci ne. Masassaƙi da makiyayi suka cire takalma suka tsuguna a ƙasa kusa da ƙofa. Bindigar na kan tebur, an ɗaura mata ƴar takarda mai lamba.

Wanda ya yi harbin saurayi ne sa'ana, daga can yamma aka kawo shi, Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba. Ya miƙe ya faɗi abin da aka haddace masa: ya ga mutum da makami, mutumin ya sauke makamin daga kafaɗa ya ɗaga, shi kuma ba shi da lokacin tunani. Mutum yake ta cewa, bai ce yaro ba ko sau ɗaya. Shekaru da yawa na yi ƙoƙarin tsanarsa, ban iya sosai ba. Matsoraci ne aka ba bindiga, aka ce masa daji cike yake da masu son kashe shi, ya ga abu ya motsa, ya danna. Rainina na ajiye wa waɗanda suka zauna a inuwa, da shayi a gabansu, da yini guda cur na yin tunani, suka fito da abin da suka fito da shi.

Don a nuna mana an yi ƙwaƙƙwafi, ajidan ya ce a fita waje a gwada. Aka auna taku daidai nisan da mai harbin ya faɗa, aka ce wani ya je can ya riƙe bindigar mu gani ko za a iya bambanta ta da ta gaske. Wa aka aika? Wani jandarma ƙato mai gashin baki, da kakinsa da hularsa da ɗamararsa. Ya tsaya can ya ɗaga ta. Ajidan ya juyo yana tambayarmu ɗaya bayan ɗaya, ta yi kama ko ba ta yi ba. To, ko muciya ka ba wannan ƙaton, daga nesa ai bindiga ce. Ba wanda ya ce a samo ɗan shekara goma sha ɗaya, mai yagaggen gajeren wando, ba takalmi, da jaki da tuluna a bayansa. Yara kuwa ga su nan cike da bakin titi suna kallonmu. Na yi niyyar faɗa. Da aka zo kaina na ce ta yi kama, sakatare ya rubuta.

Muka koma ciki, aka kira makiyayin. Dogon dattijo ne, daga Fulanin da ke noma da kiwo a gefen ƙauyenmu, ƴan shanun da fari ya bar masa yake shayarwa a rijiyar a ranar. Ajidan ya tambaye shi da tsawa, ta bakin tafinta, ko ya ga yaron ya ɗaga makami.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na gani. Yana kan jaki, sai masu kaki suka fito daga cikin sabara. Da ya gan su sai ya diro da sauri, ya gyara tsayuwa. Ni dai ban san me yake nufi ba, amma ga abin da ya yi."

Ya miƙe ya ɗora sandarsa a kafaɗa. Ya sauke ta. Ya ɗaga ta a gabansa da hannu biyu. Ya buga ƙafa a siminti ya ƙame.

"A nan aka harbe shi," in ji shi. "Yana ma murmushi."

Ɗakin ya yi tsit. Duk mai kaki a wurin ya san abin da ya gani, safe da yamma suke yin sa a gindin tuta a ƙofar biron nan. Mai harbin ya sunkuyar da kai. Sufurefe ya shiga gyaran tabarau. Mutum biyu ne kawai ba su gane ba, wanda ya yi motsin da uban yaron. Ni kuwa har muryata na ji a kunnena tana ƙirgawa.

Ajidan ya yi gyaran murya, ya ce wa sakatare da Faransanci ya rubuta cewa shaida ya tabbatar an ɗaga makami.

Nan ne na yi abin da na daɗe ina kira jarunta, kafin in girma in san ainihin sunansa. Na miƙe na yi magana, amma da Faransanci na yi, don kada na bakin ƙofa su ji abin da zan faɗa. Na ce wannan gaisuwa ce, ni na koya masa, ɗalibina ne. Na ce wannan bindigar ita ce aka ba kyauta ranar biki, ranka ya daɗe sufurefe da hannunsa ya riƙe ta.

Sufurefe ya dubi bindigar kamar yau ya fara ganin itace. Ya ce yara nawa suka wuce ta gabansa a ranar, ba zai tuna kowane kara ba. Ajidan kuwa, mutumin da ya ce da a hanya ya gan ta da ta ruɗe shi, bai ko ɗaga murya ba. Ya tambaye ni cikin ladabi ko takardar da aka aiko mini ta ce a koya wa yara ɗaga makami a gaban jami'an tsaro a cikin daji. Na ce ba ta ce ba. Ya tambaya ko ta ce a yi bindiga mai kama da ta gaske. Na ce itace kawai ta ce. Ya ce to, in ina so a rubuta maganata za a rubuta, sai dai takardar binciken za ta koma ta malamin da ke horar da yara da makami a bakin iyaka, a halin da ƙasa ke ciki, kuma irin wannan takardar ba a Magariya take tsayawa ba. Ya ce in yi tunani, ba gaggawa. Ya turo mini kofin shayi.

Mai harbin ya ce shi ba shi da lokacin tunani. Ni an ba ni, na yi amfani da shi, na koma na zauna. Na ma sha shayin.

Saura masassaƙi. Tafinta ya tambaye shi wa ya sa shi sassaƙa abin da ya yi kama da makamin gwamnati. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ba kallon tuhuma ba, irin kallon da ake yi wa babba ana jira ya fara magana. Na dubi kofina. Sai ya ce, "Ba kowa, ranka ya daɗe. Yaro ya so, na yi masa." A ganinsa yana rufa wa mutumin da ya tsaya wa ɗansa asiri, don ya ga na miƙe na yi dogon Faransanci.

Aka yi masa faɗa mai tsawo a kan sakacin iyaye. Aka ce albarkacin rashin da ya yi ba za a tsare shi ba, ya gode. Ya kuwa gode, har ƙasa. Sakatare ya ƙara layi biyu a takardar da tun safe take jira, ya zare ta, aka karanta da Faransanci, ba a fassara ba. Jandarma ya yi aikinsa bisa ƙa'ida. Mamacin, wanda ake kyautata zaton yana leƙa wa masu fasa-ƙwauri hanya, ya ɗaga wa jami'ai makami. Ba a rubuta shekarunsa ba, ba a rubuta ɗan lakwal ne ba. Makiyayi ya dangwala yatsa, masassaƙi ya dangwala, ni na sa hannu da kyakkyawan rubutun nan nawa da nake alfahari da shi. Bayan wata guda wata takardar ta zaga duk lakwal ɗin yankin, ita ma da hatimi biyu, tana hana yara wasa da bindigar itace, tana kuma jan kunnen malamai marasa lura.

Har yau in na ji a rediyo an harbe wani yaro a wata ƙasa yana riƙe da bindigar roba, masana sun taru suna auna daƙiƙa nawa mai harbin ya samu, sai in kashe rediyon. Na san zaman. Na san inda kowa zai zauna, na san wanda za a aika ya riƙe bindigar, na kuma san akwai mai kujera a wurin da ya san gaskiya yana shan shayi.

Motar kasuwa ta sauke mu a Dungas da la'asar, sauran hanyar a ƙafa. Makiyayi ya rabu da mu a mararraba ya nufi rugarsa. Muka rage ni da masassaƙi, yana gaba ina baya, yashi bai huce ba har lokacin. Ina ta addu'a a zuci kada ya tambaye ni abin da aka karanta. Da muka hango tsamiyarsa sai ya rage tafiya har na iso shi.

"Mushe, ka gyara maganar?"

Na ce, "Na faɗa musu, Baba." Wannan kam ba ƙarya ba ce, shi ya sa na zaɓe ta.

"Allah ya saka maka da alheri." Ya ci gaba da tafiya a gefena. "Abin nan da Bafillace ya yi da sanda. Na ga da ya yi kowa ya yi shiru. Yaron ma yakan yi shi a gida, a gaban uwarsa, mu yi ta dariya. Mene ne shi?"

Na so in ce ban sani ba, bakina ya ƙi.

"Gaisuwa ce, Baba. Haka soja ke gaida na gaba da shi."

Ya tsaya cak a kan turba. "Ashe gaishe su yake yi."

"E."

"Kai ka koya masa?"

"Ni ne."

Na jira ya zage ni, ko ya tofa mini yawu, ko ya ɗaga hannu. Da ya yi da na samu sauƙi, da yanzu ina ba da labarin nan a matsayin wanda aka hukunta ya gama. Bai yi ba. Sai ya tambaye ni da muryar da iyaye ke tambayar sakamakon jarrabawa, don tun da aka sa yaron lakwal bai taɓa jin na yabe shi a kan komai ba.

"To, ya yi daidai? Yadda ka koya masa?"

Na ce, "Ya yi daidai, Baba. Bai kuskure ko ɗaya ba."

Ya gyaɗa kai. "Dama shi in an faɗa masa abu yana riƙewa," ya ce. Ya wuce gaba, na bi shi a baya har cikin gari.